Gwada ko manhajar chatin tana buɗewa a VM ba tare da sa hannu ba

Ga abin da na tsinta daga tattaunawarmu kan yadda za a gwada, ba tare da mutum ya sa hannu ba, ko manhajar chatin tana buɗewa a VM, wato kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin wata kwamfutar. Kusan kowa ya yarda cewa ganin manhajar tana gudana a bayan fage bai isa ba, tana iya tashi amma windo ɗinta bai fito ba ko ya fito fari fat, don haka a ɗau hoton sikirin a kwatanta shi da wanda aka ajiye, kamar yadda manhajar gwaji ta openQA ke yi a kan QEMU (manhajar da ke gudanar da VM), openQA ɗin ne masu haɗa tsarin Linux na openSUSE da Fedora ke amfani da shi. Kada a sa gwajin ya jira daƙiƙa 10 kawai ya yanke hukunci, VM na da nauyin jiki, gara ya riƙa dubawa har windon ya bayyana, da iyakar lokaci.

Wanda ya fi burge ni shi ne batun sinafshot, wato kwafin yanayin VM da aka ajiye: kowane gwaji ya fara daga tsaftataccen kwafin, in ba haka ba ragowar saitin jiya zai ɓoye maka matsala. Manhajojin chatin da aka gina da Electron (tsarin haɗa manhajar kwamfuta da fasahar yanar gizo) irin Signal da Element kuma sukan rikice da girafik ɗin VM, a gwada su da umarnin --disable-gpu, wanda ke hana su amfani da katin girafik. Kuma idan gwajin ya faɗi, a ajiye log, wato rikodin abin da ya faru lokacin gwajin.