Zan fita farautar zabi da uwargidana a karon farko

Bakatsine:
Assalamu alaikum. Uwargidana ta ga bidiyon yadda maharba a Amurka suke kwaikwayon kukan macen talotalon daji domin su janyo namijin, tun daga ranar take roƙona in tafi da ita farauta. Tunda ba mu da talotalon daji a ƙasar nan, na yi niyyar mu nemi zabin daji a gonakin da ke bayan gari. Ta ina ya kamata in fara?

Tsohon Maharbi, Daura:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka bari sai an gama girbi, ku fita da asuba, domin zabi a kan bishiya suke kwana, kuma gari na wayewa suke sauka su nufi kiwo. Zabo yana da ido ƙwarai, idan ɗaya ya hango ku ya yi kuka, garken duka zai watse a guje. Saboda haka ta sa hijabi mai duhu da takalmi rufaffe, don ƙarangiya ba ta raga wa kowa. Bindigar toka kuwa ta zauna a hannunka, bakinta yana kallon ƙasa.

Maman Yara:
Malam, ka tambaye ta tukuna ko za ta iya kallon tsuntsu yana shure-shure kafin a yanka shi, domin bidiyo ba ya nuna wannan. Idan ta gaji, ku koma gida ko da ba ku samu komai ba.

Ɗan Batagarawa:
Yallaɓai, ka sanar da mai unguwa da masu gonakin kafin ku fita, kuma kada ku doshi wajen dajin Rugu a halin da ake ciki na rashin tsaro.