Na mayar da bashin kowa sifili da UPDATE ɗaya, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau na tafka ta. Ni ke kula da rumbun bayanan wani shagon magani, PostgreSQL 14 muke amfani da shi. Wajen ƙarfe 11 na safe wani ya biya bashinsa, na zo in gyara masa, na rubuta UPDATE (umarnin canza bayanai) na manta da WHERE, sharaɗin da ke nuna layin da za a canza. Sai da na ga "UPDATE 1843" gabana ya faɗi. Yanzu a kwamfuta ba a bin kowa ko sisi. pg_dump (kwafin ajiya na bayanan) na ƙarshe na daren Juma'a ne, ga shi yau Laraba. Alhaji mai shagon bai sani ba tukuna. Akwai yadda zan ga teburin kamar yadda yake ƙarfe 10:55?

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Kafin komai tsayar da sabar, ka kwafe jakar bayanan gaba ɗaya zuwa wani wuri. PostgreSQL ba ya goge tsohon layi idan an yi UPDATE, sabo yake rubutawa ya bar tsohon a mace har VACUUM ya zo ya share. Idan bai zo ba, pg_dirtyread, wani ƙari mai karanta matattun layuka, na iya tono su. A kan kwafin za ka gwada.

'Yar Katsina: Malam, ina jin an makara. Autovacuum, wato VACUUM mai aiki da kansa, kan leƙa duk minti ɗaya, kuma yakan fara shara idan matattun layuka sun wuce 50 da kashi 20 cikin ɗari na teburin. Shi kuwa duka teburin ya taɓa. Ƙanina, duba last_autovacuum a pg_stat_user_tables. Sannan ka rubuta SHOW archive_mode, ka ga ko ana adana WAL, wato littafin da PostgreSQL ke rubuta kowane canji a ciki. Idan a kunne yake kuma kana da pg_basebackup (cikakken kwafin jakar bayanan), ka tsira: sai ka dawo da shi a wata na'ura, ka sa restore_command, ka sa recovery_target_time a 10:55, ka ajiye fayil ɗin recovery.signal. Kada ka ɓata lokacin neman recovery.conf, tun PostgreSQL 12 aka cire shi. Sai dai ba a ɗora WAL a kan pg_dump, ba sa haɗuwa.

Mai tambaya: Yaya, archive_mode a kashe yake. Autovacuum kuma ya wuce tun 11:03. Innalillahi.

'Yar Katsina: To kwantar da hankalinka. Kana da teburin da ake rubuta kowane ciniki da kowane biya? Idan akwai, ba ka yi asara ba. Loda na Juma'a a wani rumbu daban, ka ɗauki bashin kowa na ranar, ka ƙara abin da ya ci bashi daga Asabar, ka cire abin da ya biya. Zaɓi mutum goma ka gwada da rasit kafin ka mayar da sauran. Kuma ka je ka faɗa wa Alhaji da bakinka, kada wani ya zo biya a ce masa ba a bin sa komai.

Ɗan Zariya: Da SQL Server 2016 ne ko MariaDB 10.3, kuma an kunna tarihin teburin, FOR SYSTEM_TIME AS OF kawai za ka rubuta ka ga jiya. Oracle ma yana da AS OF TIMESTAMP. Namu PostgreSQL sai ka haɗa da hannu: teburin tarihi da trigger mai ajiye tsohon layi da lokacinsa. Ni dai tun da irin wannan ta same ni, ba na taɓa UPDATE sai na fara da BEGIN, in duba adadin layuka, in bai yi mini ba in yi ROLLBACK in soke canjin.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Teburin ciniki da na biya suna nan lafiya, har na fara lodawa. Alhaji na masallaci, ina bakin shago ina jiransa. Yaya, gobe zan dame ki a kan kunna archive_mode ɗin nan.