Zumuntar gida ta fara watsewa, me za mu gyara?

Mai tambaya, Gombe: Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Dattawan ikilisiyarmu sun raba mu unguwa-unguwa, muna haɗuwa a gidaje kowace Laraba don nazarin Littafi Mai Tsarki, mun kuma buɗe zauren WhatsApp. Wata uku ke nan, mutum 22 sun koma 6. Ina kuskuren yake?

Wani fasto, Kaltungo: Ɗan'uwa, 22 ya yi yawa tun farko. Da zarar an haura 12, mutum uku ne ke magana, sauran su koma 'yan kallo, ɗan kallo kuwa ba ya daɗewa. Ku tsaya a 8 zuwa 12, in kun kai 15 ku rabu biyu. Kada taron ya wuce awa ɗaya da kwata: waƙa biyu daga Littafin Waƙoƙi, a karanta aya 10 zuwa 15 sau biyu, da bakin mutum biyu, saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Sai tambaya uku: me nassin ya nuna game da Allah, me ya nuna game da mutum, me zan aikata kafin Laraba mai zuwa? Mako na gaba da tambaya ta uku za a buɗe. Babban abin da ke kashe irin wannan zumunta shi ne jagora ya mai da ita wa'azin Lahadi na biyu. Ku fara da Bisharar Markus, duka-duka sura 16 gare ta.

Shugabar Zumuntar Mata, Billiri: Baba Fasto ya yi gaskiya, amma a duba zancen abinci. In gida ɗaya ya dafa shinkafa, na gaba zai ji nauyi, marar hali kuma ya daina zuwa don kada layi ya zo kansa. Ruwan sha ya isa. Roƙon addu'a kuma amana ne. Ranar da matsalar auren wata ta fita waje, ba mai sake buɗe baki. Kada a haɗa adashe da taron.

Malamin Makarantar Lahadi, Bauchi: A WhatsApp ku hana turo saƙonnin siyasa da bidiyo, suna cin data. Sura ɗaya a rana, Litinin zuwa Juma'a, Sabon Alkawari mai sura 260 zai ƙare cif a mako 52. Wani ya karanta ta da murya ya tura don tsofaffi. Da damina ku mai da taron bayan an dawo daga gona.