Shekara 13 ana jiran GTA 6, jiran nan ya cancanta kuwa?

Mai Gidan PS, unguwar Zariya:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Wasan bidiyon nan GTA 5 ya fito a Satumba 2013 a kan na'urar PlayStation 3 (PS3), kuma yaran da suka fara buga shi a shagona wasunsu har sun yi aure. Rockstar, kamfanin da ke yin GTA, ta nuna tallar GTA 6 a Disamba 2023, ta ce sai 2025, ta ɗaga zuwa 26 ga Mayu 2026, ta kuma ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026. Kamfanin nan ne fa ya fitar da GTA 3 a 2001, Vice City a 2002, San Andreas a 2004, kuma har yau yara na buga San Andreas a salula. Ni ina tara kuɗin PS5 jaka-jaka, tunda wasan ba zai hau PS4 ba. Kullum sai wani yaro ya ajiye manet ya tambaye ni, "Yaya, yaushe zai zo?" Ku gaya mini, wane irin aiki ne ke cin shekara 13?

Ɗan Bagalam:
Wa'alaikumus salam babban yaya. Ba zaune suka yi ba, sun fitar da wasan Red Dead Redemption 2 a 2018. Ka hau doki a cikinsa ka bi ta dusar ƙanƙara, ka juyo ka ga sawunka. Ka bar gemu, ka ga yana tsawo. Kowane ɗan abu irin wannan mutane ne suka zauna suka zana, suka gwada, suka gyara. Kuma ka tuna Cyberpunk 2077, wasan wani kamfani daban: aka sake shi da gaggawa a Disamba 2020, yana ta tsayawa a PS4, har Sony, mai PlayStation, ta cire shi daga kasuwarta ta mayar wa mutane kuɗinsu. Sauri ya haifi nawa.

Ƴar Sabon Gari:
Ban yarda duka ba. Daɗewa ba ita ce kyau ba. An sanar da wani wasa, Duke Nukem Forever, a 1997, bai fito ba sai 2011, kuma da ya fito kushe shi aka yi. Ni a ganina kuɗi ne ya zaunar da su. GTA 5 ya wuce kwafi miliyan 200, GTA Online, ɓangarensa da ake bugawa ta intanet, na kawo musu kuɗi kullum, to me zai sa su hanzarta?

Mai Gidan PS:
Ƙanwata, maganarki ta fi zauna mini. Na yarda aikin da yawa ne, amma sa rana a ɗaga har sau biyu, wannan ne ke ɓata mini rai, domin mu nan da lissafi muke jira: ga kuɗin kuran, ga man gurup idan an ɗauke wuta, ga intanet na sauke wasa mai nauyi haka. Ba zan taɓa kuɗin ba sai na ga wasan ya fito da idona. Kafin nan, wa ya san mai gyaran manet ɗin PS4 na kirki kusa da babbar kasuwa? Biyu sun fara ja gefe ɗaya.