Saniya na ramewa bayan haihuwa

Makiyayi, Ringim: Jama'a, me ke sa saniyar madara ramewa da ciwon hantsa da zarar ta haihu?

Malamin dabbobi: Alhaji, cinta na raguwa daidai lokacin da nono ke jan sukarin jininta. Sai jiki ya narka kitse, hanta ta cika da kitsen, garkuwar jiki ta raunana, don ƙwayoyin garkuwar ma sukari suke ci. Kumburi kuma yana ƙara kashe mata sha'awar abinci.

Mai kiwo, Bichi: Sati 3 kafin haihuwa a fara ƙara dusa kaɗan-kaɗan, ga harawa wadatacciya. Kada ta yi ƙiba, mai ƙiba ta fi faɗuwa.

Malamin dabbobi: Zafin jiki ya haura digiri 39.5 na Celsius, ko mabiyiya ta wuce awa 24 ba ta fito ba, a kira likita. Kada a ja ta da hannu.