Daga ina jami'in lafiya ya samo ikon rufe shago a lokacin annoba?

Malam Sani, Agege:
Assalamu alaikum. A daminar 2024, lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas, wasu duba-gari sun shigo unguwarmu, suka rufe rijiyar da 'yan ga-ruwa ke ɗibar ruwa, suka kuma garƙame rumfar wata mai tuwo ba tare da sun nuna wa kowa takarda ba. Ina roƙon masana su fayyace mini asalin wannan iko da iyakarsa, ganin cewa ba a kafa dokar ta-ɓaci ba.

Barista Aminu, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba sai an kafa dokar ta-ɓaci ta sashe na 305 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ba. Sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita zirga-zirga da taro domin kare lafiyar jama'a, sashe na 35 kuma ya halatta killace mai ɗauke da cuta mai yaɗuwa. Da Shugaba Buhari ya kulle Legas da Ogun da Abuja a ƙarshen Maris 2020 saboda annobar korona, da Dokar Killacewa ta 1926 ya dogara, wadda muka gada daga Turawan mulkin mallaka, Gwamna Sanwo-Olu na Legas ma ya sa hannu a kan ƙa'idojin jiha a wannan watan. Sai dai ikon na doka ne, ba na ganin dama ba, domin sashe na 36 ya hana a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi a doka ba.

Hajiya Rabi, Obalende:
Barista, Allah ya saka da alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ban manta Yulin 2014 ba, sa'ad da Dakta Stella Adadevoh ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta rasa ranta, amma a Oktoban shekarar aka tabbatar Ebola ta bar Najeriya. Rijiyar da ake zargi ba ta jiran zaman kotu, Malam Sani.

Alhaji Garba, Mile 12:
Hajiya, ban musa ba, amma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kullen 2020. Shawarata, Malam Sani, ku nemi katin shaidar jami'in, da takardar da ta bayyana dalilin rufewa da sharuɗɗan buɗewa, kada kuma ku biya tarar da ba ta da rasit. Idan suka ƙi, ku kai maganar ga Sarkin Hausawa, ku haɗa mai tuwon da lauya.