Wayar dare ta gagare ni, don Allah ina neman shawara

Jama'a barkanmu da war haka. Jiya na ɗauko littafin da na rubuta ƙudurorina ranar 1 ga Janairu, guda 4 ne, ina karantawa ina dariya, can kuma jikina ya yi sanyi. Motsa jiki dai ba laifi, tafiyar minti 30 nake kusan kullum, tanadi ma na ɗan taɓuka. Karatu na yi rabi.

Na huɗun ne ya zame min ƙarfen ƙafa, wai in ajiye waya ƙarfe 10 na dare in kwanta. Wallahi sati 2 kawai na yi. Na sa wa TikTok da Facebook iyakar awa 1 a saitin waya, lokaci na cika sai in cire da hannuna, to wa nake yaudara? Na kai caja falo, na sayi agogo mai ƙararrawa don kar in fake da alam, amma sai in tashi cikin duhu ina lalube in ɗauko ta da sunan zan duba saƙo ɗaya, kafin in ankara 2 ta buga ido na raɗaɗi, da safe kuma in wuni ina hamma a wajen aiki.

Abin haushin ma ba daɗin kallon nake ji ba, yatsa ne kawai ke tafiya.

Wanda ya taɓa fita daga wannan, ya kuka yi? Goge manhajojin gaba ɗaya ne mafita ko rage lokacin kaɗan-kaɗan? WhatsApp kam ba zan iya gogewa ba saboda aiki.